An Sabunta

Ƙarfe biyun dare a Birnin Kebbi,
injin casar shinkafa ya yi shiru.
Sauro ke aiki, sai shi,
ɗan aiken da na rubuta da hannuna,
layi talatin da bakwai na umarni.
Ya tattara manhajar sikeli, ya gina, ya gwada,
ya kai rumbu ya ajiye,
ya liƙa wa ajiyar 'yar takarda:
"An sabunta."

Ni na sa masa kalmar a baki,
wata Alhamis ina saurin tarar da motar Jega.
Na ce gobe na gyara.
Goben nan ta haifi 'ya'ya ɗari huɗu da sha ɗaya,
duk suna guda aka raɗa musu.
An sabunta. An sabunta. An sabunta.

Sai ga Nomau daga fadamar Suru,
laka har ƙauri, rasit a dunƙule:
"Yaro, wa at taɓa awo?
Buhuna bai rame bisa hanya ba.
Kilo ukku-ukku, ina sun ka tai?"

Na buɗe tarihin rumbu ina zufa.
Na tambayi makon jiya, ya ce an sabunta.
Na tambayi watan azumi, ya ce an sabunta.
Me aka taɓa? Hannun wa? Don me?
Shaidu ɗari huɗu a jere,
kowa ya halarta, ba wanda ya gani.

Kwana biyu ina tonon ajiya ɗaya bayan ɗaya
kamar mai zazzage buhuna don neman allura,
kafin na kama shi:
ragin danshi ake cirewa sau biyu,
tun daren da ni da Hajo muka gyara wuri guda,
kowa bai san da ɗan'uwansa ba,
ɗan aike kuwa ya haɗa ya haɗiye
bai ce uffan ba.

Sai na tuna babana, Labbo,
magatakardan dillalan albasa a Aliero.
Littafinsa har yau in ka buɗe sai ido ya yi ruwa.
Bai taɓa barin lamba ta kwana ita kaɗai ba:
"Buhu tara, ɗaya ya ruɓe, ruwan Laraba ya same shi."
"An rage wa Tumba sule biyar, ɗanta na kwance."
Shekara ashirin da rasuwarsa,
ina iya gaya maka ranar da aka yi ruwa.
Ni kuwa, da kwamfuta da digiri,
ban san abin da na yi watan jiya ba.

Na zauna na sake wa ɗan aike tarbiyya.
Yanzu in zai ajiye sai ya faɗi lambar gini,
ya lissafa fayilolin da suka motsa,
gwaji nawa ya wuce, nawa ya faɗi,
da sunan mai hannu a ciki.
Wannan duk ya iya, ba ya mantuwa.
Dalili ne ya gagare shi.
Inji ya san an sauya bakwai ta koma biyar,
bai san Nomau ba, bai san laka ba.
Don haka na bar gurbi, layi guda, na mutum.
In ya tarar da shi fanko, ba ya ajiya,
sai ya buga min waya, ko ina tsakar barci.
Sau uku ya tashe ni makon nan.
Na zage shi, na tashi, na rubuta.

An biya Nomau cikon kuɗinsa.
Bai yi godiya ba, ya ƙirga sau biyu ya tafi.

Da asuba na duba saƙon daren jiya:
"Gini na ɗari huɗu da sha tara.
Fayil ɗaya, lissafin danshi. Gwaji duk sun wuce.
Hannun Hajo.
Dalili: shinkafar Suru ta bushe tun a gona,
kada a sake rage wa mutane."